Awa guda a kan tabarma bayan isha'i

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, hira ɗaya ce a fadojin Maradi. Daga Bagalam zuwa Zariya, daga Mokoyo zuwa Ali Ɗan Sofo, za ka tarar da maza sun kewaye butar shayi ana rabon laifi. Wannan ya ce malaman yanzu ba su iya komai ba, wancan ya ce gwamnati ta saki lakwal, wani ya ce waya ce ta gama da yara. Na yi shekaru ina cikin masu wannan rabo. Amma a duk zaman da na yi ban taɓa jin wanda ya ce, to mu da muke nan zaune ƙarfe goma na dare, wa ke tare da yaran a gida?

Ra'ayina shi ne, kowane uba mai ɗa a lakwal ya ware awa guda da dare, ya zauna a kan tabarma, ya sa yaron ya faɗa masa da Hausa abin da aka koya masa yau. Ba sai uban ya iya Faransanci ba. Ba sai ya taɓa shiga aji ba. Na yi imani wannan awa ta fi kuɗin kur, wato ƙarin darasin bayan lakwal, da muke biya kowane wata amfani, kuma ba wanda zai iya yi mana ita.

Ni ɗan kasuwa ne, ina da ɗan shagon kayan masarufi. Karatuna a aji huɗu na kwaleji ya tsaya, ban samu BEPC ba, takardar kammala kwaleji. Ƴaƴana huɗu ke lakwal. Shekara biyu da suka wuce, lokacin ɗiyata ta biyu tana CE2, aji na huɗu na firamare, wani dare ciwon ƙafa ya hana ni fita fada. Ina kishingiɗe a tsakar gida sai na ji ta tana bitar darasi da ƙarfi, don washegari akwai kompozisiyon, wato jarrabawar aji. Faransanci na zuba daga bakinta ba gargada. Raina ya yi fari ƙal. Na kira ta na ce, "Zo nan, uwata. Faɗa mini da Hausa, mi wannan karatu ke cewa?" Ta sunkuyar da kai. Na ɗauka kunya ce, na sake lallaɓa ta, shiru. Sai na karɓi kayen, wato littafin rubutunta, na haska da fitilar waya. Darasin a kan sauro ne, yadda yake zuba ƙwai a ruwan da ya kwanta, yadda cizonsa ke kawo masassara, da amfanin kwana cikin gidan sauro. Wannan yarinya a ƙarshen daminar shekarar muka kwana biyu da ita a asibiti saboda wannan masassarar, ga gidan sauro ma rataye a bayanta. Ba ta san labarin ciwon da ya kwantar da ita take rerawa ba. Na ɗora yatsa a kan kalma guda a tsakiyar shafi na ce ta karanta mini. Sai ta koma farkon layi ta ɗauko rerawa, har ta iso inda take zaton yatsana yake. Shekararta ta huɗu ke nan tana zuwa lakwal, ina sayen kaye da bik, ina biyan mai kur, kuma ba ta iya karatu ba. Hadda take yi.

Washegari na rufe shago na tafi lakwal ɗin da fushi. Mushensu, wato malamin ajin, bai yi gardama da ni ba. Kama hannuna ya yi ya shigar da ni ajin. Yara sun fi tamanin, wasu huɗu-huɗu a benci, wasu a ƙasa kan buhu. Ya ce, "Malam, in na ba kowane yaro minti ɗaya ya karanta mini layi guda, kusan awa da rabi ta tafi, ban koyar da komai ba." Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, rabona da buɗe kayen yarinyar. Ban taɓa buɗewa ba. Na fito daga ajin jikina a sanyaye.

Cunkoson da na gani ba na lakwal ɗaya ba ne, kuma ba gobe zai ƙare ba. A ƙidayar 2012 jihar Maradi kaɗai tana da mutum miliyan 3.4, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Duk watan Oktoba sabon ayari ke shiga CI, ajin farko na firamare. Malami komai ƙwazonsa, a irin wannan aji abin da zai iya shi ne ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya. Yaro mai kunne zai ɗauke amshin tsaf ba tare da ya gane harafi ɗaya ba, ya haye aji bayan aji har CM2, ajin ƙarshe na firamare, a nan asiri ya tonu. Wurin da za a saurari yaro shi kaɗai, a gane inda ya maƙale, gida ne.

Sai dai mu dubi ranar yaron nan kafin mu ɗora masa wani kaya. Da asuba yana zauren malam da allonsa. Ya dawo, in namiji ne a aike shi sayen ƙosai ko ɗebo ruwa, in mace ce ga shara ga wanke-wanke. Ya kurɓi koko a tsaye ya ruga lakwal. Ya dawo da tsakar rana, a watan Afrilu da Mayu cikin ranar da babba ma ke gudunta. Ranar da ake komawa da yamma ya koma, ranar da ba a komawa islamiyya na jiransa. Bayan magariba wani ya tafi karatun dare, wani wajen mai kur, wata kuma ta ɗauki farantin awara. Ga wani abu da ban lura da shi ba sai da na zauna na lissafa: makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutu, lakwal kuwa Asabar da Lahadi. Wato yaron da ke zuwa duka biyun ba shi da rana ɗaya cikin bakwai da take tasa tun daga safe har dare. Malamai uku ko huɗu ke karɓarsa kowace rana, kowanne na zuba masa, ba wanda ke tambayarsa abin da ya zauna.

Shi ya sa ni abin da na fara yi shi ne ragewa. Na sallami mai kur. Ba na ce duk masu kur ba su da amfani ba, ɗan ajin jarrabawa yana iya buƙatar wanda ya fi ubansa sanin lissafi. Amma ga ƙaramin yaro, sau da yawa kur ɗin wani aji ne na yara ashirin a ƙofar gida, ana maimaita amshin safe. Mu iyaye maza muna son sa ne don yana sauke mana nauyi: mun biya, mun fita haƙƙi, sai fada. Karatun addini kuwa ban taɓa shi ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya taɓa ba. Lokacin da na ba yaran daga nawa na yanko shi.

Dole in yi maganar iyaye mata, don su ke riƙe da abin duka. Uwa ce ke tada yaro, ita ke neman takalmin da ya ɓata, ita ke wanke rigar lakwal da dare don ta bushe kafin safe. In uba ya fita bai bar kuɗin rekire ba, na abin ci a hutun tsakiyar darasi, daga ƙullin zanenta dala goma ko ashirin ke fita. Ita ke zuwa in mushe ya aiko kira. Da dare ta gama tuwo, ta raba, ta kwashe kwanuka, ga goyo a baya. A ce kuma ita za ta zauna duba kaye, alhali maigida lafiyarsa ƙalau yana bakin titi ana zagaye na uku na shayi, wannan ba adalci ba ne. Haka maganar talla. Muna saurin zagin uwar da ta ɗora wa ɗiyarta faranti, amma a gidaje da yawa ribar awarar nan ita ke cika kuɗin cefanen da bai isa ba, ita ke sayen sabulu, ita ake tarawa don kayan ɗaki. Uban da ke son ɗiyarsa ta zauna da littafi da dare, sai ya zauna da uwarta su yi lissafin abin da farantin ke kawowa, ya ga ta inda zai toshe. Tsawa ba ta sauke faranti.

Yanzu ga inda na san za a yi mini gardama: me ya sa da Hausa? Mu da muka yi lakwal a da mun san sambol, ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Sambol ya tafi, amma ya bar mana tabo a zuciya. Har yau akwai uban da ke ganin in ya yi wa ɗansa maganar darasi da Hausa zai ɓata masa Faransanci. Akwai kuma wanda, don bai yi boko ba, yake ganin kayen ɗansa ba huruminsa ba ne, kamar takardar likita. Dukansu sun yi kuskure. Yaron da ya san darasin a kan sauro ne, kalmomin Faransancin za su samu wurin zama a kansa. Wanda bai sani ba, ƙara ce kawai yake ɗauke da ita, bayan kompozisiyon ta zube.

Masu ilimi a ƙasar nan sun daɗe da gane haka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince a koyar da harsunan gida tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Duk da haka mafi yawan ƴaƴanmu har yanzu da Faransanci suke cin karo tun ranar farko, da shi kuma za su rubuta BEPC da bak, jarrabawar kammala sakandare. Ina goyon bayan a faɗaɗa ajujuwan harshe biyu, a buga littattafai, a horar da malamai. Amma wannan aikin shekaru ne, ɗiyata kuwa bana take CM2. Abin da doka ke ƙoƙarin kai wa aji, mu muna da shi kyauta a tsakar gida.

Bari in ba da misali da abin da na fi sani, kuɗi. Yaron Maradi tun yana shekara biyar ya san dala. Aike shi da dala arba'in ya sayo sukari na dala sha biyar, zai dawo da dala ashirin da biyar, ba mai cutarsa. Amma a aji mushe zai rubuta 200 a cire 75, yaron ya zuba wa allo ido kamar bai taɓa ganin kuɗi ba. Ba wanda ya taɓa faɗa masa cewa dala ɗaya ita ce 5 ɗin da ke rubuce, dala ashirin ita ce 100, jika ita ce 1000. Daren da na zube tsabar kuɗi a kan tabarma na ce wa ƙanenta ya karanta lambar da ke jikin kowanne sannan ya faɗi sunansa na kasuwa, a daren ya gane ninkin biyar, abin da ya yi wata yana haddacewa. Wane mai shago, wane mai kabu-kabu, wace mai ƙosai ce ba za ta iya wannan ba? Mutanen garin nan da suka riƙe ciniki tsakanin Kano, Katsina da Agadas da lissafin ka, su ne za su ce ba su da abin koya wa ɗan CE1, ɗan aji na uku na firamare?

Haka karatu. Haruffan da ake rubuta Hausar boko su ne dai na Faransanci, bambancin kaɗan ne. Na fara rubuta wa yarinyar sunayen abubuwan gida da gawayi a jikin bango: tabarma, buta, gero, rariya. Kalma ce da ta sani, don haka in ta haɗa harafi da harafi ta ji abin ya fito, sai ta yi dariya. Daga nan muka koma allunan bakin hanya, na nuna mata yadda Madarunfa da Gidan Rumji suke komawa in an rubuta su a tsarin Faransanci, inda "u" ke zama harafi biyu. Cikin wata uku ta daina rerawa, ta fara karantawa, a hankali, tana tuntuɓe. Tuntuɓen nan ya fi mini daɗin ji a kan zubar da take yi a da.

Wanda ko harafi bai sani ba fa? Shi ma yana da ido. Ya buɗe kaye ya dubi kwanan wata, lamba ce, ya san ta. In yau 14 ga wata kuma rubutu na ƙarshe na 9 ne, akwai magana: ko yaron ba ya zuwa, ko malamin ba ya zuwa, ko ba ya kwafa. Ya dubi jan bik. Ya dubi shafukan da aka yage. Sannan ya ce, "Koya mini abin da aka koya maka." Yaro in ya ga ubansa ya zama ɗalibinsa, wani irin ƙarfi ke shigarsa. Sharaɗi ɗaya ne, kada bulala ta hau tabarmar nan. Ranar da ka doke shi don ya ce bai gane ba, ka koya masa kada ya sake faɗa maka gaskiya.

Na san ba kowane gida ne irin nawa ba. Mai kabu-kabu da dare yake samun na cefanen gobe. Wani yana ci-rani a Legas ko Libiya ko wajen haƙar zinariya, sai shekara. Mai mata biyu ko uku yana da rabon kwana, kuma in ya zauna da ƴaƴan ɗaki ɗaya ya bar na ɗayan ya kunna wuta. Ga mai mata da yawa, ni ina ganin tabarma ɗaya a tsakar gida, ta kowa da kowa, ita ce mafita, har ma tana rage ƴan ubanci. Wanda ke nesa yana da WhatsApp ɗin da yake aiko da gaisuwa, ya ce a ba yaron wayar ya karanta masa layi uku. Wanda dare bai ba shi ba ya nemi bayan asuba ko yammacin Juma'a. Inda uba ya rasu, ai ba a rasa baffa ko kawu ko wa. Akwai kuma al'adarmu ta kunya, musamman ga ɗan fari, wanda wasu ko sunansa ba sa kira. Ina girmama kunya, da ita aka rene mu. Amma kakanninmu da ke kunyar ɗan fari suna tare da shi a gona tun safe har azahar, yana ganin yadda ake riƙe hauya, yana jin magana. Mu mun bar gonar, mun riƙe kunyar, sai ya zama ba inda uba da ɗa ke haɗuwa sai wajen miƙa kuɗi.

Fada kuma ban ce a kashe ta ba. A nan ake jin wanda ya rasu da wanda aka haifa, a nan ake samun bashi da labarin farashi, a nan mai damuwa ke sauke ta. Har yanzu ina zuwa, sai dai ƙarfe tara da rabi nake isa maimakon takwas da rabi. An yi mini tsiya na mako biyu, an ce na zama mushe. Yanzu mutum biyu daga cikin abokan zaman su ma a makare suke zuwa.

Kada wani ya ɗauka ina wanke hukuma. Garin nan bai manta da 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da wuta ta tashi a ajujuwan zana ta ci ƙananan yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar da shida, watanni kaɗan bayan irin wannan gobara ta ci yara 20 a Yamai. Ajin kara ba haɗarin wuta kaɗai gare shi ba: sai an gama girbi ake samun karan da za a kafa shi, ruwan farko kuma ya tashe shi, shekarar karatu ta gutsure kai da gindi. A 2024 ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, don mutanen da gidajensu suka rushe suna fake a ajujuwa, kuma Maradi na cikin inda abin ya fi ɓarna. Kafin nan, daga Agustan 2023 da aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya, watanni yara suka yi suna bita da fitilar hannu. Aji na siminti, benci, littafi, albashin malami a kan kari, waɗannan haƙƙin ƴaƴanmu ne, kuma tabarma ba ta maye gurbinsu. Amma wa zai nema? Ku je taron iyaye da kwamitin lakwal ke kira ku ƙirga maza. Ni da na fara zuwa, a unguwarmu mata sun ninka mu sau uku, wasu da goyo. Uban da bai taɓa buɗe kaye ba, in ya je ma ba shi da abin faɗa sai "yara ba su ƙoƙari". Wanda ke buɗewa zai tashi ya ce mako biyu ke nan ba a yi lissafi a ajin ɗana ba, ina dalili? Wannan maganar darakta ba ya iya share ta.

Ƙananan uku sun saba yanzu, da an sallame isha'i su ke shimfiɗa tabarmar. Babban ne nake fama da shi. Yana aji uku na kwaleji, shekararsa goma sha huɗu, kuma shi na makara a kansa. Duk abin da na tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau, Baba," ya shige ɗaki. Wata shida na yi ban matsa masa ba, ina dai zama inda zai riƙa jin muryar ƙannensa. Ran Talatar da ta wuce ya fito ya zauna a bakin tabarmar, rabin jikinsa a ƙasa, ya buɗe kayen lissafi a kan wani darasi mai haruffa a cikin lambobi, wanda ni na manta shi tun tuni. Na ce masa ban tuna ba, ya nuna mini daga farko. Ya yi layi biyu da Hausa, ya tsaya a na uku, ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce nan ne shi ma bai gane ba. Na ce ya sa alama a wurin da bik, gobe ya kai wa malaminsu, jibi ya dawo ya ƙarasa mini.